Sharhi kan aikin mai karen bin sawu, bayan na harbi barewa a tumbi

Shekarun da na yi ina farautar barewa sun sa na ɗauka cewa idona da tocilata sun ishe ni bin kowane jini da ya zuba a ƙasa, don haka ban taɓa ajiye lambar wani mai karen bin sawu a wayata ba. Wata yamma a ƙarshen kaka ce ta raba ni da wannan zato. Barewar tana tsaye a gicciye kimanin mita 120 daga inda na laɓe, na saita bayan allon kafaɗarta, inda huhu da zuciya suke, amma a daidai lokacin da na danna kunama sai ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya gaba. Takun nan ɗaya ya mayar da harsashin baya da kusan taƙi guda. Ba ta zabura ta arce kamar yadda wadda aka samu a huhu take yi ba. Ta ƙanƙame jikinta, ta gantsaro bayanta sama kamar mai ciwon ciki, ta sauke wutsiya, sannan ta taka a hankali ta shige sarƙaƙiya. Duk maharbin da ya taɓa ganin wannan tafiyar ya san ma'anarta, ni ma na sani, kuma duk da haka na aikata abin da bai kamata ba.

Dole in fara da bayyana laifina, domin ba za a yi wa mai karen adalci ba idan ba a san irin ɓarnar da ya tarar ba. Minti ashirin kawai na iya jira. Da na isa wurin da ta tsaya, na ga farin gashin ciki a warwatse, da ɗigon jini kaɗan mai duhu kuma tsararo, gauraye da wani koren dagwalo mai warin ɗanyar ciyawar da ba ta gama narkewa ba. Maimakon in juya, sai na kira abokina, muka kunna tocila biyu muka bi ɗigon. Ɗaya daga cikin tocilolin ma irin wadda ake tallatawa ce da cewa tana fito da launin jini a cikin duhu, kuma a kan busasshen ganyen kaka mai ja da ruwan ƙasa ba ta tsinana mini komai ba, domin kowane ganye sai ya koma kamar an yayyafa masa jini. Bayan kimanin mita 150 muka ji fasa dawa a gabanmu. Mun tayar da ita daga makwancinta na farko, inda da mun ƙyale ta da a nan za ta cika. Daga nan jinin ya ɗauke, mu kuwa muka shafe kusan awa guda muna kai da komo a wurin, muna tattake ciyawa da takalman da suka riga suka taka jini. Sauri ya haifi nawa.

A lokacin ne abokina ya samo lambar wani mai kare da wasu mafarauta suka taɓa yaba masa. Abin da ya fara burge ni, kuma har yau nake ganin shi ne mafi daraja a cikin hidimar baki ɗaya, shi ne kiran wayar kansa. Mutumin bai yi gaggawar cewa ga shi nan tafe ba. Ya yi kusan minti goma sha biyar yana yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: yadda barewar ta tsaya, ko a gicciye sosai ko ta ɗan karkato, irin bindigar da harsashin, ƙarar da na ji lokacin da ya same ta, yadda ta motsa a daƙiƙun farko, launin gashin da tsawonsa, launin jinin, ko akwai kumfa a cikinsa, ko na ga ɓarɓashin ƙashi, da kuma ƙarfe nawa daidai na yi harbin. Ya sa na aika masa hoton dagwalon a kan farar takarda. Da na gaya masa cewa mun tayar da ita, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambayi mutum nawa suka shiga wurin da kuma iyakar inda muka taka.

Tambayoyin ba na cika baki ba ne, kowacce tana da abin da take warwarewa. Jini mai haske da ya yi ruwan hoda, mai ƙananan kumfa, daga huhu yake fitowa, kuma barewar da aka huda mata huhu biyu ba kasafai take wuce 'yan daƙiƙu a tsaye ba. Jini mai duhu sosai yakan nuna hanta, wadda raunin ta yana kisa tabbas amma sai bayan wasu awanni. Kore ko ruwan ƙasa mai wari alamar tumbi ko hanji ce, kuma wannan shi ne mafi jinkiri, domin ba zubar jini ce take kashe dabbar ba, gubar da ke malala a cikin cikinta ce, shi ya sa mafarauta masu gogewa suke jira awa takwas zuwa goma sha biyu, wasu ma fiye. Ɓarɓashin ƙashi mai lanƙwasa kamar ɓallin bututu yana nuna ƙafa, kuma a nan shawarar takan juye, domin barewar da ta karye a ƙafa ba za ta kwanta ta mutu ba, jira ba ya ƙara komai. Akwai kuma harbin da yake ruɗar mutane fiye da kowanne, wato wanda ya shafi saman ƙashin baya: dabbar takan faɗi nan take kamar ta mutu, bayan ɗan lokaci ta miƙe ta gudu, kuma sau da yawa takan warke. Daga amsoshina mutumin ya yanke cewa harbin tumbi ne, mai yiwuwa ya ɗan shafi hanta. Ya umarce ni in ɗaura alama a wurin harbin da wurin jini na ƙarshe, in fita ta hanyar da na shiga, kada kowa ya sake taka wurin har gari ya waye. Na kawo masa batun lalacewar nama, ya ce daren yana da sanyi, kuma barewar da aka ƙara kora nisan kilomita biyu ba ta da naman da za a yi jayayya a kansa, tunda ba za a same ta ba.

Ya yi alkawarin zuwa da fitowar rana, bai iso ba sai bayan awa ɗaya da rabi, kuma bai kira ya sanar da ni ba. Na rubuta masa wannan a cikin kurakuransa. Daga baya na fahimci cewa wani kiran ya amsa da asuba, kuma a tsakiyar lokacin farauta masu wannan aiki sukan samu kira fiye da yadda kare ɗaya zai iya ɗauka, amma saƙo guda a waya bai fi ƙarfinsa ba, musamman ga wanda ya kwana bai runtsa ba yana lissafin yadda rana za ta ɗumama gawar.

Da ya buɗe motar na ga karen, sai gabana ya faɗi. Wata ƙaramar karya ce mai gajerun ƙafafu da dogon jiki da gashi mai kaushi, irin jinsin nan na Jamus da ake kira dakshund, wanda asalinsa don shiga ramin dabbobi aka samar da shi. Na zaci zan ga ƙaton kare mai faɗin ƙirji. Raini na ya samo asali ne daga rashin sani, domin a ƙasashen da wannan sana'a ta kafu, girman kare ba shi ne ma'auni ba. Jamusawa sun daɗe da ware jinsuna musamman don bin sawun dabbar da aka raunata: akwai karen Hanoba, wanda aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1894, da ɗan'uwansa mai sauƙin jiki na tsaunukan Babariya, wanda tasa ƙungiyar ta kafu a Munik a 1912. A jarrabawar da suke yi wa irin waɗannan karnuka, akan shimfiɗa sawu mai tsawon aƙalla mita 1000 da jinin da bai wuce rubu'in lita ba, a bar shi ya kwana awa 20, ko awa 40 a mataki na sama, kafin a ɗora karen. A Suwidin doka ta wajabta wa mai farautar manyan namun daji irin su barewa ya tanadi karen bin sawu da zai iya isa wurin harbi cikin awa biyu. A Amurka kuwa an daɗe ana kallon shigar kare cikin farautar barewa da zargi, sai a shekarun 1970 aka fara gwada bin sawu da kare a ɗaure a jihar Niyok bisa tsarin Jamusawa, kuma yanzu mafi yawan jihohin ƙasar sun halatta shi. Mai karen ya ce ƙanƙantar karyar tasa ma riba ce, domin hancinta yana kusa da ƙasa, kuma ba ta da ƙarfin da za ta ja shi ya kife a cikin ƙaya.

Ya sa mata wata riga ta musamman da ba ya sa mata sai lokacin aiki, ya ɗaura igiya mai tsawon kusan mita goma, wadda ba ta da ƙulli ko madauki a ƙarshenta don kada ta maƙale a itace. Na nuna masa wurin jini na ƙarshe ina tsammanin daga nan za mu fara, tunda mita 150 na farko mun riga mun san su. Ya ƙi. Ya ce sai daga wurin harbin, domin a nan ne karyar za ta ɗauki ƙanshin wannan barewar ita kaɗai ta riƙe shi. Daga baya na koyi abin da ya sauya mini fahimtar aikin baki ɗaya: karen da ya ƙware ba jini yake bi ba. Tsakanin kofaton barewa akwai wata 'yar jaka da take fitar da maiƙo mai ƙanshi, tana barin sa a kowane taku, ga kuma ƙanshin gashi da numfashi da ruwan ciki da ciyawar da aka murje. Shi ya sa wasu masu horarwa suke ɗaura kofaton barewa a ƙarƙashin takalmansu su shimfiɗa sawu da jini kaɗan ko babu jini sam. Jinin da muke nema da ido, a wurin mai kare, shaida ce kawai da take tabbatar masa cewa karensa bai kauce ba.

Ya kafa mini sharuɗɗa kafin mu tashi: in kasance a bayansa da nisan taku goma, kada in yi wa karyar magana, kada in wuce gabanta ko da na hango wani abu, bindigata kuma ta zauna babu harsashi a ciki sai in shi ya ce in ɗura. Ya faɗe su a gajarce, babu murmushi. Wanda yake son a lallashe shi zai iya jin haushi, amma ni ban ga aibu ba, domin mutumin da ya kwana cikin damuwa riƙe da bindiga a bayan wani yana buƙatar a yi masa magana a fili.

Karyar ta bi sashen farko cikin mintuna kaɗan, ta tsaya a makwancin farko ta shinshina shi sosai. Daga nan muka shiga wurin da muka tattake, sai aiki ya cije. Ta bi hagu ta dawo, ta bi dama ta dawo, ta bi wani layi da na gane sarai cewa hanyar da abokina ya bi ce da takalminsa mai jini. Kusan minti ashirin da biyar muka yi a fili da bai fi rabin filin ƙwallo ba, ni kuwa ina tsaye ina kallon yadda aikin hannuna yake wahalar da dabbar da ta zo taimakona. Mai karen bai ce mini uffan ba, kuma shirun ya fi faɗa zafi. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke ta ya fitar da ita bayan iyakar inda muka taka, ya zagaya da ita a hankali cikin babban da'ira. Sun ci kusan kashi biyu cikin uku na zagayen ke nan sai ta tsaya cak, ta cusa hanci a ciyawa, igiyar ta miƙe. Hanyar da ta nufa ba ta yi kusa da inda na rantse cewa na ji barewar ta bi da daddare ba, kusan akasinta ce.

Sashen da ya biyo baya shi ne ya gwada haƙurina. Mun yi sama da mita 300 ban ga ɗigon jini ko ɗaya ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a harbin tumbi, domin kitse da hanji sukan toshe hudar. Na fara raya wa kaina cewa karyar ta kama sawun wata lafiyayyar barewa. Zargin ya ƙaru da muka isa wata mahadar da sababbin sawaye suka gicciya hanyarmu, na ga ta bi su taku biyar ko shida. Mai karen bai ja igiya ba, bai kuma yi magana ba, ya dai tsaya. Ita da kanta ta juyo, ta koma inda ta bari, ta ci gaba. Jim kaɗan ya yafuto ni da hannu, ya nuna mini wani karan ciyawa a daidai tsayin gwiwa, an shafe gefensa da wani abu mai launin tsatsa wanda bai kai faɗin farce ba. Ya fesa masa ruwan haidirojin ferokzayid, irin wanda ake wanke rauni da shi, sai ya yi farar kumfa. Da daddare idona yana ƙasa kawai, ban taɓa duba ciyawa da rassan da jikinta ya goga ba.

Sau ɗaya barewar ta yi abin da masu rauni sukan yi, ta juya ta bi sawunta na baya kimanin mita talatin sannan ta yi tsalle gefe. Karyar ta kai ƙarshen layin, ta ga ya mutu, ta dawo tana shinshina gefe da gefe har ta sami inda aka fita. Bayan haka muka ci karo da makwanci na biyu da na uku, kusa da juna, kowanne da ɗan danshin jini mai duhu a tsakiya. Mai karen ya rage murya ya ce in makwantai suka fara matsowa kusa da juna, dabbar ta gaji, in shirya. Sai a nan ya ba ni izinin ɗura bindiga, ya kuma gajarta igiyar. Ba a buƙaci bindigar ba. Mun sami barewar a bakin wani ɗan rafi, a ƙarƙashin wata bishiyar da ta faɗi, ta riga ta sandare. Zazzaɓi da ƙishirwa sukan ja masu raunin ciki zuwa ruwa. Taswirar wayarsa ta nuna kimanin mita 900 daga wurin harbin, kuma mun yi awa ɗaya da minti arba'in muna tafe. Inda take kwance, ko na wuce ta da taku biyar ba zan gan ta ba.

Da na farke cikin, hasashensa na waya ya tabbata: harsashin ya shiga bayan haƙarƙari na ƙarshe, ya fasa tumbi, ya yanki gefen hanta. Ya tsaya ya taya ni duba naman, abin da ba ya cikin aikinsa. Naman da ke cikin ramin ciki da fatar ciki sun ɗauki wari kuma sun canza launi, na yanke su na yar. Cinyoyi da kafaɗu da naman gadon baya kuwa sun tsira, saboda sanyin daren ya sauka kusa da daskarewa. Da a lokacin ɗumi ne, jiran nan na dare guda zai iya cinye naman duka, kuma ya faɗa mini haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya kuma ce akwai daren da namun daji masu cin nama suke riga mai kare isa.

Akwai abubuwan da ya kamata wanda zai nemi irin wannan hidima ya sani, domin ba duka ne suka yi mini daɗi ba. Ba mu yi maganar ladan aiki a waya ba, shi bai tayar ba ni ma na manta, sai muka tsinci kanmu a tsaye a kan gawar muna kame-kame. Wasu masu karnuka aikin sa kai suke yi, kuɗin mai kawai suke karɓa, wasu kuma sana'arsu ce, suna da ƙa'idar abin da za a biya ko an samu ko ba a samu ba, don haka gara a tambaya tun farko. Ba ya kuma yin dogon bayani yayin da ake tafiya, abin da na rubuta a sama game da kofato sai bayan an gama na tatso shi daga bakinsa. Sannan bai yi mini alkawarin samun barewar ba ko sau ɗaya. Ya ce kira da yawa da yake amsawa sukan ƙare ba a ga gawa ba, sau da yawa saboda dabbar ba ta mutu ba kuma ba za ta mutu ba, kuma a irin wannan ranar abin da maharbi yake samu kawai shi ne sanin cewa bai bar ta tana ruɓewa a dawa ba. Ya ƙara da cewa da sawun ya tsallaka zuwa gonar wani, da a kan iyaka zai tsaya har sai na samo izinin mai ita, kuma dokar shiga da kare, da ta riƙe bindiga yayin bin sawu, da ta aiki da dare, sun bambanta daga wuri zuwa wuri, nauyin sanin su yana wuyan maharbi.

Na tambaye shi game da jirage marasa matuƙa masu kyamarar gane zafin jiki, waɗanda wasu suke haya don wannan aiki a inda doka ta yarda. Bai kushe su ba. Ya ce a fili ko a dajin da ganye ya kaɗe suna da sauri ƙwarai, kuma ba sa tayar da dabba daga makwanci. Sai dai kyamarar tana nuna kowace barewa da ke wurin ba tare da ta ce ga taka ba, ganye mai kauri yana rufe mata ido, gawar da ta kwana kuma tana hucewa har zafinta ya kusa daidaita da na ƙasa. Barewata da ke ƙarƙashin gungumen bishiya a bakin ruwa, bayan awa goma sha biyar, da wuya ta bayyana a allonsu.

Idan aka ce in auna hidimar, zan ba hukuncinsa na waya da aikin karyar cikakken yabo, in rage masa a kan makara ba sanarwa da kuma barin maganar lada a duhu. Zan sake kiransa, kuma na ba wasu lambarsa. Kafin ya tafi ya yanko ɗan guntun hanta ya ba karyar, ya roƙi in bar masa ƙafafun barewar biyu da ɗan jini a gora, domin yana horar da wani ɗan kwikwiyo mai wata bakwai da zai gaje ta.